Ya Tafi Shan Iska da Wani Ɗan Gana

A wannan watan Nafi'u ya cika shekara bakwai da rasuwa. Na zauna zan rubuta irin abin da aka saba rubutawa, cewa mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai riƙon amana, sai na ga duk wanda ya san shi ya riga ya san haka, wanda bai san shi ba kuma zai ce ai kowane mamaci haka ake faɗa a kansa. Don haka zan rubuta abin da na fi kowa sani, ko da yake ba zai jawo mini yabo ba. Na yi kishin aminina. Ga furfura ta cika mini gemu, har yau ban gama ba.

Na san akwai masu dariya, don a wurinmu an bar wa mata wannan kalma. Ku yi dariyarku. Namiji ma yana yi, sai dai shi yakan sa masa wani suna, ya ce kulawa ce, ko ya ce yana jiye wa abokinsa tsoro ne. Ni ma sunayen da na sa wa nawa ke nan, shekara da shekaru.

A Fagge muka tashi ni da Nafi'u, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Da asma aka haife shi. Ni ne mai riƙe masa jakar makaranta, ni ne mai rugawa in kira Hajiyarsa idan numfashi ya sarƙe masa a filin ƙwallo, inda dama tsayuwa kawai yake yi a gefe. A unguwa ba a cewa Nafi'u haka kawai, sai an ce Nafi'un Habu, Habun kuwa ni ne. Da muka girma ni na fara zuwa Guangzhou sarin jakunkuna, ni na jawo shi ya zo yana yi wa shagon gidansu sayayya. Ni na nuna masa hanyar Shiling, garin masana'antun jaka, na koya masa cewa in lawban, wato mai masana'anta, ya ce meyo, wato babu, da sauri to akwai kayan, farashinka ne bai yi masa ba. Gida ɗaya muka kama, ɗakina yana jikin nasa, har na san kalar tarinsa ta bango, na san wanda zai wuce da wanda sai na tashi.

Shiling ba wurin mai ciwon ƙirji ba ne. Warin gam da na robar jaka suna tarbar mutum tun daga bakin mota, kuma mu sai mun shiga cikin masana'anta mun duba ɗinki da zif da idonmu. Nafi'u yakan fito yana huci, ya jingina da mota, ya zaro inhela. Ga kuma watannin nan da garin ke jiƙewa, bango ya riƙa gumi, tufafi su ƙi bushewa. Ni na naɗa kaina likitansa. Na hana shi ruwan sanyi, na hana shi fanka, na cika kicin da citta da kanumfari da zuma da habbatus sauda. Abin da muka taso muka tarar ke nan, cewa babban abokin gabar ƙirji shi ne sanyi da danshi, kuma ban taɓa shakkar haka ba. Yana sha yana godiya, tarin kuma yana nan.

Sai Isiyaka ya shigo rayuwarmu. Mutumin Gana ne, ɗan zango daga wani gari na bakin teku, aikinsa ɗora wa mutane kaya a kwantena. Ƙato ne mai dariya da dukan jikinsa, kuma Hausarsa ba ta san mace ba. Matarsa ma cewa yake yi “ya tafi kasuwa”. Na sha yi masa tsiya a kan haka, shi kuwa ko a jikinsa. Wata rana kayanmu suka sami tangarɗa a tashar jiragen ruwa ta Nansha, ni kuma ina da alƙawari da wani mai masana'anta, sai na ce Nafi'u ya bi shi. Da hannuna na buɗe masa ƙofar motar. Suka gama abin da ya kai su da wuri, Isiyaka ya ji yadda Nafi'u ke numfashi, sai ya ce ruwan Nansha ai rabinsa kogi ne, bari ya kai shi ya ga teku na gaske. Suka ƙara tafiya mai nisa.

Nafi'u ya dawo da farin abu a jikin gilashinsa, ya ce gishiri ne. Washegari da safe ya fito yana miƙa, ya ce rabonsa da barci irin wannan har ya manta. Ai ba sai ya faɗa ba, ni ma ban ji komai ta bangon ba.

Abin da Isiyaka ya gaya masa shi ne, a garinsu idan yaro yana fama da ƙirji, kakarsa takan kai shi inda igiyar ruwa ke dukan duwatsu, ya tsaya yana shaƙar feshin. Ba wanka ba, ba sha ba, tsayuwa kawai a inda ruwan ke tashi kamar hayaƙi. Na ce wannan ai ganganci ne, a ɗauki mai asma a kai shi cikin danshi da iska mai sanyi. Na ce sa'a ce kawai aka yi. Lahadi ta zagayo suka koma, ta sake zagayowa suka sake komawa. Duk ranar sai Nafi'u ya leƙo ɗakina ya ce in taso mu je shan iska. Har yakan yi dariya ya ce duk Bahaushen da ke cewa zai je shan iska yawo kawai yake nufi, shi kaɗai ne ke shan ta da gaske, kamar yadda ake shan magani. Da farko na ƙi zuwa don ban yarda ba. Daga baya na ƙi don na riga na ƙi, kuma ba zan zauna a kujerar baya ina sauraron hirar mutum biyu ba.

Kusan shekara biyu suka yi a haka. Ba zan ce ya warke ba, inhelarsa tana aljihunsa kullum, kuma Shiling ba ta fasa galabaitar da shi ba. Amma murar da ke kama shi kowane wata ta ja baya, ya yi ƙiba, ya fara hawa matattakalar jirgin ƙasa ba tare da ya tsaya a tsakiya ba. Ina ganin duk wannan, kuma maimakon in yi murna sai abin ya riƙa ci mini rai. Ina son Nafi'u ya sami lafiya, Allah ya sani, amma a hannuna nake so ya same ta. Shekara talatin ina dafa citta, wani ya zo da mota da surutu ya yi abin da na kasa. Kwalbar zumar da na saya masa ta daskare a kicin ba a taɓa ba. A masallacin Juma'a na ji wani ɗan Nijar yana tambaya, ina Nafi'un Isiyaka? Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Wata Lahadi da la'asar Hajiyarsa ta kira ni daga Kano. Ta ce ta yi ta neman wayarsa ba ta shiga, kuma ta lura duk Lahadi haka ake yi, lafiya dai ko? Ina da amsoshi da yawa a gabana. Da na ce ya je neman lafiya, da ta sa masa albarka. Ga abin da na ce:

“Lafiya ƙalau, Hajiya. Ya tafi shan iska da wani ɗan Gana, bakin teku.”

Sai ta tambaye ni ko mutumin na kirki ne. Na ce ban san shi sosai ba.

Babu ƙarya ko ɗaya a amsar farko, da wannan na riƙa lallashin kaina. Kalmar Nafi'u ce ma na ara. Amma ni Bakano ne, na san abin da tsohuwa a Fagge za ta ji idan an ce ɗanta mai mata da 'ya'ya yana shan iska a ƙasar waje, a bakin teku, da baƙon da amininsa ma bai sani ba. Tsakanin shan iska da iskanci a kunnen uwa taku ɗaya ne, kuma ni na nuna mata hanyar. Amsa ta biyu kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Na ci tuwo a gidan Isiyaka, na san ba ya wasa da salla.

Ba a yi wata guda ba babban wansa ya kira ya ce an yanke shawara, Nafi'u ya dawo ya riƙe shago, sayayyar kuma ni zan riƙa yi musu. Nafi'u ya yi ƙoƙarin yi wa Hajiya bayani. To amma ta yaya za ka fahimtar da wadda ba ta taɓa ganin teku ba cewa tsayuwa a gabansa magani ce? Ta ce masa in iska ce, a Kano ma akwai. Shi kuma tunda yake bai taɓa ja da maganarta ba, sai ya fara haɗa kaya.

Mu biyu muka raka shi filin jirgi na Baiyun, ni da Isiyaka. Ni na tura masa akwati, ni na tsaya kusa da shi a layi, Isiyaka yana can baya da hannu a aljihu, kuma ina jin kunyar faɗa amma daɗi nake ji. Nafi'u bai tuhume ni ba, ko da ido. Da zai shiga sai ya riƙe hannuna ya ce, “Habu, ai da ka biyo mu ko sau ɗaya.” A nan na gane ya sani. Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shekara biyu ya yi a Kano. Ciwon ya taso masa wata rana da hantsi a cikin shago, ana tsaka da zafi, janaretoci suna ta hayaƙi a layin, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ina Shiling ina duba samfurin jaka aka kira ni. Na tambayi wani likita daga baya, a kaikaice, ko da mutum ya zauna kusa da teku da hakan ba ta faru ba. Ya ce asma tana kashe na bakin teku ma, kuma babu mai iya ba ni wannan amsar. Na yarda kwana ne ya ƙare. Yarda da ƙaddara dai ba ta goge abin da na faɗa a waya ba.

Nakan yi tunanin abin da Nafi'u zai ce da ya ga zamanin nan. Tun lokacin annobar da ta kulle kowa a gida, babu wanda bai iya cewa garkuwar jiki ba. 'Yan kasuwar da ba su san inda huhu yake ba sun zama malamai a waya, wannan ya ce lemon tsami, wancan ya ce tafarnuwa, ni ma na tura nawa. Da yana nan da ya yi murmushin nan nasa na gefen baki ya ce ashe dai an zo wurin. Guangzhou ɗin ma ta canja. Da yawa daga cikin waɗanda muka zauna da su sun koma gida, yanzu ta bidiyo ake zaɓen jaka, mutum yana Kano lawban yana juya masa ita a gaban kyamara. Da a yau ne, da ba sai ya shiga warin gam ba ma.

Bara babbar 'yarsa ta zo karatu wata jami'a a Tianhe, nan cikin Guangzhou. Sunan Hajiya aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi. Tana 'yar shekara goma sha biyu ya rasu, kuma kusan duk abin da ta sani na ƙuruciyarsa da zamansa a nan daga bakina ta ji. Baffa take ce mini. Nakan kai mata kilishi da yaji idan wani ya zo daga gida, in zauna in ba ta labarin ubanta, kuma a duk labaran nan ban taɓa sa Isiyaka ba. A wurin mahaifiyarta ta ji zancen tekun.

Kimiyyar halittu take karanta, don haka ta je ta bincika. Ita ta yi mini bayanin da na ƙi saurara a bakin ɗan Gana. Ta ce idan igiyar ruwa ta fashe, kumfar tana watsa ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, ɗauke da gishiri da ɓurɓushin gansakuka da ƙananan halittun cikin teku, mutum ya shaƙe su har cikin huhu. Ta ce asma dama garkuwar jiki ce mai saurin fushi, tana tayar da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, hanyar numfashi ta kumbura. Wasu masu bincike suna ganin ɗan kaɗan na abin da ke cikin feshin nan yana iya lallashin garkuwar ta rage wannan zafin kai, amma yawancin aikin a ɗakin gwaji aka yi shi, ba a kai ga cewa magani ne ba. Ta ƙara da cewa abin yana iya juyewa, in ruwan ya ƙazantu ko gansakuka mai guba ta yi yawa, feshin yakan sa masu lafiya tari, masu asma kuma su sha wuya.

Kun san wanne na cafke? Na ƙarshen. Na gyara zama na ce ai dama na faɗa, ganganci ne. Mutum ya shekara bakwai a kabari, ni kuma ina nan ina neman hujjar da zan kayar da Isiyaka. Ummi ta dube ni da mamaki ta ce duka biyun gaskiya ne, ya danganta da ruwan da kuma mutumin, kuma Babanta dai ya ce ya ji daɗinsa. Sai ta ce tana so in kai ta wurin kafin ranar cikar shekarun rasuwarsa, ta tsaya inda yake tsayawa.

Ban san wurin ba. Ko sunan garin ban taɓa tambaya ba. Na yi kwana uku ina juya wayata, sannan na kira Isiyaka, wanda shekara tara gaisuwar masallaci ce kawai ke haɗa mu. Na zaci zai ja mini rai. Cewa kawai ya yi Lahadi in shirya, zai zo da mota.

A kujerar baya na zauna, don Ummi tana da tambayoyi. Kafin mu fita daga gari ta fara ce masa Baba Isiyaka, shi kuma yana ta cewa “ya yi kama da babanshi”, tana dariyar Hausarsa yadda ubanta ke yi. Wurin ba wani abin kallo ba ne, duwatsu ne baƙaƙe da 'yan jiragen masunta, babu masu wanka, babu komai daga abin da na sa Hajiya ta hango. Ruwan yana dukan dutse yana tashi, iska tana kawo shi fuska, leɓe ya yi gishiri. Na ja numfashi, kuma ba zan ɓoye ba, ya shiga har ƙasa. Haushi ya kama ni da ya shiga ɗin.

Muna nan rana ta faɗi. Isiyaka ya ɗauko tabarma daga bayan mota ya shimfiɗa a kan wani faffaɗan dutse, ya ce wa Ummi a nan suke sallar magariba kafin su kama hanya, kuma babanta ne ke ja. Na ce a'a, ya dai manta. Nafi'u ba ya limanci. Tun muna samari in mu biyu ne sai ya tura ni gaba, saboda numfashi yakan yanke masa a tsakiyar Fatiha yana jin nauyin mutane, ni kuma na ɗauki gaban nan kamar gadona. Isiyaka ya ce bai manta ba. Ya ce a nan Nafi'u da kansa yake shiga gaba, ya ɗaga murya har ta rinjayi ƙarar ruwan, ya ja aya mai tsawo da numfashi ɗaya, wani lokaci ya zaɓi doguwar sura don kawai yana iyawa.

Abin da ya rage na Nafi'u a duniya ba shi da yawa, kuma a rabe yake. 'Ya'yansa sun ɗauko haƙurinsa. Ni ina da shekara talatin na tarinsa, na san shi a jingine da mota, na san shi a gefen fili. Isiyaka yana da Lahadin shekara biyu, kuma a cikinsu ne kaɗai Nafi'u ya zama yadda zai kasance da an haife shi da huhu irin na kowa. An yi ta kirana in zo in gani na ƙi, ƙarshe ma na sa aka raba shi da wurin. Hajiya ta rasu tana ganin ta ceci ɗanta daga lalacewa. Ummi kuma za ta karanta wannan, ta san abin da Baffanta ya faɗa a waya, kuma duk hukuncin da ta yanke ba zan yi musu ba.

A ranar dai ba ta sani ba tukuna. Ta saba duk abin da ya shafi ubanta ni ake tambaya, don haka da Isiyaka ya gama magana ni ta juyo ta kalla, idonta ya cika da hawaye.

“Baffa, yaya muryarsa take in yana jan salla?”

Na ce, “Tambayi Baba Isiyaka, Ummi. Ni ban taɓa ji ba.”